Kabarin Talpiot: Ƙasusuwan Wa Aka Gani, Kuma Wa Ke Murna?

A ranar 26 ga Fabrairun 2007 aka tara 'yan jarida a babban ɗakin karatu na birnin New York, aka ajiye musu akwatunan dutse guda biyu a gabansu. James Cameron, mutumin da ya shirya fim ɗin Titanic, da abokin aikinsa ɗan jarida Simcha Jacobovici suka ce ɗaya daga cikin akwatunan nan shi ne wanda aka zuba ƙasusuwan Yesu Banazare a ciki, ɗayan kuma na Maryamu Magadaliya ne, wadda suka ce matarsa ce. Suka ƙara da cewa har ɗa suka haifa, sunansa Yahuza. Bayan mako guda tashar Discovery ta haska fim ɗinsu mai suna The Lost Tomb of Jesus, duniya kuwa ta ɗauka.

Tun daga lokacin labarin bai mutu ba. Duk shekara in bikin Ista ya matso sai ya farfaɗo, a yanko guntun fim ɗin, a ɗora masa sabuwar murya, a watsa a WhatsApp da Facebook da taken cewa wai masana sun gano gawar Yesu, ƙaryar Kiristoci ta ƙare. Daga cikin masu turawa da zumuɗi akwai 'yan'uwana Musulmi, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne hujjar kabarin Talpiot ba ta da ƙwari ko kaɗan, kuma Musulmin da ke tafa mata bai tsaya ya duba abin da yake tafa wa ba. Kiristocin da ke ganin bai ma kamata a yi tambayar ba, su ma ina da magana da su.

Mu fara da abin da aka tono. A watan Maris na 1980 masu gini suna fasa dutse a unguwar Talpiot ta Gabas, kudu da tsohon birnin Ƙudus, sai suka buɗe bakin wani kogon kabari. Hukumar kayan tarihi ta Isra'ila ta tura Yosef Gath ya yi aikin haƙar, Shimon Gibson ya zana taswirar kogon, Amos Kloner kuma shi ne mai kula da aikin. Suka fito da akwatunan farin dutse guda goma, shida a cikinsu da rubutu.

Ga wanda bai san al'adar ba, Yahudawan Ƙudus masu hali na wancan zamanin ba sa binne mamaci sau ɗaya su gama. Sukan kwantar da gawa a wani lungu da aka sassaƙa cikin kogon iyali, a bar ta kamar shekara guda har naman ya zagwanye, sannan a dawo a tattara ƙasusuwan a zuba a ƙaramin akwatin dutse, tsawonsa daidai ƙashin cinya. Al'adar ta yi tashe ne daga 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa shekara ta 70, lokacin da Rumawa suka rusa birnin. An tono ɗaruruwan irin waɗannan akwatuna a kewayen Ƙudus. Sau da yawa akan sami ƙasusuwan mutum biyu ko uku a akwati ɗaya, kuma Kloner ya ƙiyasta cewa mutum 35 aka binne a kogon Talpiot. A riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Sunayen da aka karanta su ne: Yeshua ɗan Yehosef (wato Yesu ɗan Yusufu), Mariya, Yose, Matiya, Yehuda ɗan Yeshua, sai wani rubutu da Girkanci wanda masu fim suka karanta "Mariamene e Mara". Ƙasusuwan kuwa an sake binne su, bisa yadda ake yi a can don girmama dokar addinin Yahudu. Masani L. Y. Rahmani ya saka akwatunan a kundinsa na 1994, Kloner ya wallafa rahoton haƙar a 1996, a shekarar ce ma BBC ta taɓo batun a wani shiri. Babu wanda ya ɓoye komai. Shekara 27 akwatunan suna ajiye, masana sun san da su, babu wanda ya ga abin tayar da hankali. Me ya sa?

Amsar tana cikin sunayen. A ce yau ka shiga wani babban gida a cikin birnin Kano, ka tarar da wani Muhammadu ɗan Abdullahi, da wata Amina, da wata Fatima, da wani Aliyu. Ko da wasa ba zai zo maka a rai cewa ka shiga gidan Manzon Allah (SAW) ba, domin ka san rabin unguwar sunayensu ke nan. Haka Yahudawan ƙarni na farko suke. Masaniya Tal Ilan ta tattara sunayen Yahudawan zamanin daga rubuce-rubuce da kaburbura, abin da ya fito kuwa shi ne kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar Maryamu ce. A wajen maza, Yusufu shi ne na biyu a yawa bayan Siman, Yahuza na huɗu, Yeshua na shida. Mutanen suna son sunayen jaruman gidan Makabiyawa da suka yi wa Girkawa tawaye, shi ya sa 'yan sunaye kaɗan suka mamaye ko'ina. Ba ma wannan ne karon farko da aka ga akwati mai ɗauke da "Yeshua ɗan Yehosef" ba: tun a 1931 masanin kayan tarihi Eleazar Sukenik ya sanar da wani irinsa, jaridu suka yi ta surutu, ƙura ta lafa. Na Talpiot ɗin ma rubutunsa karce ne mai wuyar karantawa, har Rahmani ya sa alamar tambaya a bayan sunan Yeshua.

Masu fim sun san da wannan, sai suka ce ai ba suna ɗaya ake dubawa ba, haɗuwar sunayen wuri ɗaya ita ce hujja. Suka nemi wani masanin lissafin ƙididdiga na Jami'ar Toronto, Andrey Feuerverger, ya fito musu da adadin da ya zagaye duniya: wai 600 bisa 1 kabarin na iyalin Yesu ne. Adadi yana da kwarjini, musamman ga wanda bai san yadda aka same shi ba. Amma lissafin nan yana tafiya ne bisa abin da aka zuba masa, kuma Feuerverger da kansa ya bayyana cewa sakamakon ya rataya ne a kan zatuttukan da aka ba shi ya yi aiki da su. Mafi nauyinsu shi ne cewa "Mariamene" sunan Maryamu Magadaliya ne na musamman. Ka zare wannan, lissafin ya zube.

To daga ina aka samo shi? Ba daga Linjila ba. Littattafan Bishara huɗu suna kiranta Mariya ko Mariyam ta Magadala, ko sau ɗaya ba su ce Mariamene ba. An ɗauko shi ne daga wani littafi da ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Filibus, wanda aka rubuta a ƙarni na huɗu, wato shekara ɗari uku bayan mutanen da ake magana a kansu. A can akwai wata Mariamne, 'yar'uwar Filibus. Farfesa François Bovon na Harvard, wanda aka nuna a fim ɗin a matsayin madogarar wannan magana, ya fito daga baya ya rubuta cewa shi bai yarda Mariamne ne ainihin sunan Maryamu Magadaliya ba, yana magana ne a kan yadda marubucin littafin ya siffanta ta. Wani masanin rubutun dā, Stephen Pfann, ya sake duba akwatin ya ce abin da ke jiki "Mariame kai Mara" ne, wato Maryamu da Mara, mata biyu a akwati ɗaya, hannu biyu ne ma suka yi rubutun.

Maganar gwajin DNA ita ce ta fi ba ni dariya, duk da ita ce ta fi ruɗar masu kallo. An kankaro ɗan abin da ya saura a gindin akwatin Yeshua da na Mariamene, aka kai wani ɗakin gwaji a Jami'ar Lakehead ta Kanada. Sakamako: mutanen biyu ba uwarsu ɗaya ba. Shi ke nan abin da gwajin ya ce. Daga nan masu fim suka yi tsalle suka ce tunda ba 'yan uwa ɗaya ba ne kuma suna kabari ɗaya, to mata da miji ne. A kogon da aka binne mutum talatin da wani abu! Matar nan tana iya zama 'yarsa, ko 'yar ubansa, ko gwaggonsa, ko matar Yose, ko matar Matiya, ko surukar wani da ya rasu shekara hamsin kafin shi. Me ya hana su gwada Mariya da Yeshua, su ga ko uwa da ɗa ne? Me ya hana su gwada Yehuda? Gwajin da zai iya ƙaryata labarinsu shi ne ba su yi ba.

Don adalci, akwai abu ɗaya da ke da ɗan nauyi a ɓangarensu. Yose gajeren suna ne da ba a cika ganinsa a jikin akwatuna ba, kuma Bisharar Markus 6:3 ta ambaci wani ɗan'uwan Yesu da wannan sunan. Na yarda wannan ya isa ya sa mai bincike ya ɗaga gira. Sai dai ayar ta lissafa 'yan'uwa huɗu, Yakubu da Yose da Yahuza da Siman, ina sauran? Wane ne Matiya a gidan? Ga kuma babbar matsala, Yehuda ɗan Yeshua. Babu wata majiya ta farko, ta masoya ko ta maƙiya, da ta ce Yesu ya bar ɗa. Mai bincike na gaskiya in ya ga wannan akwatin zai ce, to, wannan wani Yeshua ne daban. Su kuwa sai suka juya abin: maimakon sunan ya zama hujja a kansu, sai suka mai da shi sabon sirri da suka bankaɗo. In duk abin da ya dace da labarinka hujja ne, wanda ya saɓa masa kuma ɓoyayyen sirri ne, ai babu ranar da za a kama ka.

Jodi Magness, masaniyar kayan tarihin Falasɗinu ta dā a Jami'ar North Carolina, ta kawo wata hujjar da ban ga an amsa ta ba. Kogon da aka sassaƙa cikin dutse kayan masu kuɗi ne. Talaka rami ake haƙa masa a ƙasa a rufe. Iyalin kafinta daga Nazarat ta Galili, in ma suna da kabarin gado, a garinsu zai kasance, ba a Ƙudus ba. Labarin Linjila kansa ya nuna haka, tunda ya ce sai da wani attajiri, Yusufu na Arimatiya, ya ba da nasa kabarin. Kuma baƙon da aka binne a Ƙudus akan rubuta garinsu a jikin akwatinsa, nan kuwa babu Nazarat, babu Magadala.

Sai kuma abin da hankali kawai zai gaya maka. Yakubu ɗan'uwan Yesu shi ne shugaban mabiyansa a Ƙudus har zuwa shekara ta 62, lokacin da aka jefe shi, kamar yadda marubucin tarihi Bayahude Yusifus ya ruwaito. Ana so mu yarda cewa mutumin nan ya shekara talatin yana shelar ɗan'uwansa ya tashi daga matattu, alhali ƙasusuwan suna ajiye a kabarin gidansu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Haikali, da sunan a rubuce a jiki, kuma manyan firistocin da ke neman hanyar kashe wannan kira ba su taɓa jin labari ba. Bisharar Matiyu 28 ta nuna cewa tun a lokacin abokan hamayya suna cewa almajirai ne suka sace gawar. Ko ka yarda da Matiyu ko ba ka yarda ba, wannan zargin ya nuna maƙiyan ba su da gawar da za su nuna.

Abin lura, waɗanda suka wargaza wannan da'awa ba fastoci ba ne. Kloner, wanda ya kula da haƙar, ya ce labarin ya dace da talabijin amma ba shi da tushe. Shi da Ilan da Magness duk Yahudawa ne, babu abin da za su ci in Yesu ya tashi. Da aka yi taron masana a kan batun a Ƙudus a watan Janairun 2008, wasu kafafen labarai suka ruwaito kamar an gaskata fim ɗin, sai gungun mahalarta, ciki har da Magness da Eric Meyers, suka fitar da sanarwa cewa akasarin masanan da suka halarta ba su yarda ba.

Sauran abin da ya biyo baya ba sai na daɗe a kai ba. An yi ƙoƙarin cewa akwatin nan da ya yi suna a 2002, mai ɗauke da "Yakubu ɗan Yusufu ɗan'uwan Yeshua", daga Talpiot aka sace shi, shi ne na goman da suka ce ya ɓace. Kloner ya ce na goman ba shi da rubutu ko kaɗan. Mai akwatin, Oded Golan, ya ce tun shekarun 1970 ya saye shi, kafin a buɗe kogon. Hukumar kayan tarihi ta ce rubutun jabu ne, aka yi shekaru ana shari'a, a 2012 alƙali ya wanke Golan daga tuhumar ƙirƙira amma ya ce hukuncinsa ba shaida ba ce cewa rubutun na gaske ne. A shekarar dai Jacobovici da masani James Tabor suka sanar cewa sun zura kyamara cikin wani kogo na kusa sun ga zanen kifin Annabi Yunusa. Yawancin masana suka duba suka ce tulu ne.

Yanzu ga inda nake so 'yan'uwana Musulmi su saurara. Mu ɗauka duk abin da na faɗa a sama kuskure ne, an tabbatar ƙasusuwan Isa ɗan Maryamu ne a akwatin nan. Addinin wa ya tsira? Kirista kam ya shiga uku, Bulus ya faɗa da bakinsa a 1 Korintiyawa 15 cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce. Masu fim sun yi ta lallashi cewa wai ana iya fahimtar tashin a matsayin na ruhu, amma wannan ba ita ce aƙidar Katolika ko Angalika ko ECWA ko COCIN ba, su kabari wofi suka sani. To mu fa? Suratun Nisa'i, aya ta 157 da 158, ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Abin da malaman Sunna da na Shi'a suka tafi a kai shi ne yana raye, kuma zai sauko a ƙarshen zamani, hadisan suna cikin Bukhari da Muslim. Wanda aka ɗauke da ransa ba ya barin ƙasusuwa a Talpiot. A kan wannan gaɓa ɗaya, duk saɓanin da ke tsakaninmu da Kiristoci a kan gicciye da allantaka, mu da su abu ɗaya muke cewa: jikin Isa ba ya cikin ƙasa. Musulmin da ya tura bidiyon nan yana murna ya tura abin da ke ƙaryata Alƙur'aninsa ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Waɗanda ke cewa Annabi Isa ya rasu an binne shi su ne 'yan Ahmadiyya, su ma ba Talpiot suke nunawa ba. Mirza Ghulam Ahmad ya ce ya tsira daga gicciye, ya yi hijira zuwa Kashmir, kabarinsa ne ke Roza Bal a Srinagar. Mai tura bidiyon zai yi faɗa in aka ce masa Ba'ahmade, amma ga shi yana tallata rabin aƙidarsu kyauta.

Wannan ɗabi'a ta karɓar duk abin da ya soki maƙwabci ba a nan ta tsaya ba. Wa bai ga hoton baƙin littafin nan mai rubutun zinare ba, wanda aka ce an gano a Turkiyya, wai Linjila ce mai shekara 1500 da ta girgiza fadar Fafaroma? A 2012 labarin ya ɓulla, har yau yana yawo. Ana danganta shi da Linjilar Barnaba, wadda tsofaffin kwafinta da aka sani biyu ne, na Italiyanci da na Sifaniyanci, kuma babu wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16 a cikinsu. Marubucinta ya sa Yesu ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat, garin da ke kan tudu babu teku kusa da shi. Mafi muni gare mu, ya sa Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani ya kira shi Almasihu sau da dama. Duk da haka za ka ji ana kafa hujja da ita a wa'azi. Ayar Suratul Hujurati da ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika ba ta ware labarin da ya yi mana daɗi ba.

Kiristoci su ma suna da nasu. Likkafanin Turin, wanda ake cewa da shi aka naɗe Yesu har surarsa ta fito a jiki, ya fara bayyana ne a wani ƙauyen Faransa mai suna Lirey a shekarun 1350, kuma tun 1389 bishop ɗin yankin ya rubuta cewa zane ne na ɗan Adam. A 1988 ɗakunan gwaji uku, a Oxford da Zurich da Arizona, suka yi masa gwajin kabon, duka suka ce yadin na tsakanin 1260 da 1390 ne. Har yau ana gardama, ana kawo sababbin gwaje-gwaje, amma wanda ya jingina imaninsa da wannan yadi ya jingina da abin da fadar Fafaroma kanta ba ta taɓa ayyana shi a matsayin na gaske ba. Haka Kabarin Lambu na Ƙudus, wanda wasu ke ɗauka a matsayin kabarin Yesu, wurin da maziyarta da yawa, ciki har da 'yan Nijeriya, ke zuwa su yi waƙa da addu'a saboda kyawunsa da natsuwarsa. Janar Gordon na Ingila, wanda aka kashe a Khartoum, shi ya tallata yankin a 1883. Masani Gabriel Barkay ya nuna cewa kogon ya girmi Yesu da shekara ɗari bakwai ko takwas, don haka ba zai zama sabon kabarin da Linjila ta ambata ba.

Cocin Kabari Mai Tsarki da ke cikin tsohon birni ita ce ke da hujjar tarihi mafi ƙarfi. Wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce da ke wajen ganuwa a zamanin Yesu, akwai wasu kaburburan ƙarni na farko a ciki, Sarkin Rum Hadiriyan ya gina ɗakin gunki a kai, sannan Sarki Ƙustanɗin ya rushe shi ya gina coci da aka buɗe a 335. A watan Oktoban 2016 ƙwararru daga Atina suka ɗaga marmarar da ke rufe da shimfiɗar dutsen, karo na farko cikin ɗaruruwan shekaru, gwajin kwaɓin ginin da ke ƙasa ya nuna wajen shekara ta 345. Me wannan ya tabbatar? Cewa Kiristocin ƙarni na huɗu nan suka ɗauka a matsayin wurin. Kabarin babu kowa a ciki, gaskiya ne, amma kabari wofi ba ya faɗin yadda aka yi ya zama wofi. Kirista zai ce tashi ya yi, Musulmi zai ce ai dama ba shi aka sa ba, wanda bai yarda da mu'ujiza ba zai ce an ɗauke gawar. Diga da shebur ba za su raba wannan gardama ba.

Ba wai haƙar ƙasa ba ta da amfani a nan ba. A 1961 an tono dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Rumawa da Linjila ta ce shi ya yanke wa Yesu hukunci, da muƙaminsa. A 1990 an sami akwati mai ado da sunan Yusufu ɗan Kayafa, wanda masana da yawa ke ganin na babban firist ɗin da Linjila ta ce ya tuhumi Yesu ne. A 1968 kuma, a arewacin Ƙudus, an sami ƙasusuwan wani mutum mai suna Yehohanan da ƙusa a cake cikin ƙashin diddigensa, shaida cewa wanda Rumawa suka gicciye yana iya samun binnewa a kabarin iyali, saɓanin masu cewa jefar da su kawai ake yi wa karnuka. Irin wannan shi ne abin da ilmin ke iyawa: ya nuna maka mutanen sun rayu, al'adar haka take, wurin yana nan. Iyakarsa ke nan, wanda kuma ya ce ya wuce haka, ko don ya gina addini ko don ya rusa shi, akwai abin da yake sayarwa.

Duk da haka ban yarda da masu cewa yin tambayar ma saɓo ne, a hana fim ɗin, a rufe bakin masu bincike ba. Addinin da ya ce abu ya faru a rana kaza, a gari kaza, a zamanin gwamna wane, ya buɗe ƙofar a bincika, Bulus kuwa bai ji tsoron faɗin haka ba. Abin da ya kashe da'awar Talpiot ba zanga-zanga ba ce, ƙirga sunaye ne, da sake karanta karcen da ke jikin dutse, da tambayar me aka zuba a lissafi.

Mu ma irin wannan ta zo mana, kuma za ta sake zuwa. A 2015 da Jami'ar Birmingham ta sanar cewa gwajin kabon ya nuna fatar wasu shafukan Alƙur'ani da ke hannunta ta tsakanin 568 da 645 ce, mun yi farin ciki, babu wanda ya ce kabon ƙarya ne. Sai ga wani ɗan Kanada, Dan Gibson, da littafi da fim, yana cewa alƙiblar masallatan farko Petra ta ƙasar Jodan take kallo, don haka wai a can Musulunci ya fara, ba Makka ba. Salonsa sak na masu fim ɗin Talpiot: hotuna masu kyau, adadi mai ban tsoro, da alƙawarin sirrin da aka ɓoye. Wasu masu wa'azin Kirista suka rungume shi da irin zumuɗin da namu suka rungumi Jacobovici. Wanda ya amsa masa da ilmi shi ne David King, masanin tarihin ilmin taurari na Musulmi, wanda ya shafe shekaru yana nazarin alƙibla. King ya nuna cewa Musulmin ƙarni na farko ba su da lissafin da za su auna alƙibla daidai daga nesa, sai daga ƙarni na tara aka samar da shi. Kafin nan suna bin mafitar rana da mafaɗarta a damina ko hunturu, da fitowar wasu taurari irin su Suhail, da fuskokin ginin Ka'aba kanta, wasu masallatan kuma a kan harsashin tsofaffin gine-gine da titunan Rumawa aka ɗora su. Gibson ya ɗauki taswirar tauraron ɗan Adam ta yau ya auna mutanen da ba su da ita, ya zaɓi masallatan da suka dace da zatonsa, waɗanda suka saɓa kuma ya ƙirƙiro musu wani bayani daban.